Jitar Gida a Garin Garaya: Tsakanin Kunne da Awo

Ka ɗauki hoton jita a waya ka kai wa ƙwararren kafinta a Tudun Wada ko Sabon Garin Zariya, kafin la'asar zai yanka maka gangar jikinta, da ƙugunta da kafaɗunta, har ka rantse daga kanti ta fito. Wanda ya saba fitar da ƙafar kujera mai lanƙwasa, wannan wasan yara ne a wurinsa. Wahalar tana somawa ne ranar da katakon ya baro shagon. Saura guga da fenti, saura ɗaura wuya, dasa ƙarafa, kafa jaki, haɗa wayoyi. A wannan zangon ne yawancin jitocin da samari ke haɗawa a gida ke mutuwa, su koma adon bango. Na taɓa riƙe wata da wani ɗalibi ya haɗa a Samaru, ja wur, tana sheƙi kamar sabon babur. Idan ka kaɗa tsirkiyarta a sake, lafiya lau. Da ka danna ta a tsakiyar wuya, sai ta ba ka amsar tambayar da ba ka yi mata ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ƙasar Zazzau ba baƙuwa ba ce ga haɗa kayan tsirkiya. A nan ne Ba'amurken nan David Ames ya zauna a shekarun 1960 yana bin makaɗa gida-gida, aikin da ya haifar da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da suka fitar shi da Anthony King a 1971. Garaya, molo, gurmi, goge, kukuma, duk ya same su da masu su. A Zariya marigayi Hassan Wayam ya yi zamansa da kukumarsa. To, me ya sa jikan mutanen da ke haɗa garaya da gizago da wuƙa kaɗai zai kasa ƙarasa jita, alhali yana da injin huda da injin feshi?

Amsar da na tsaya a kanta ita ce kayan nan biyu ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba. Garaya kunne take bi, jita kuwa awo.

Dubi yadda ake haɗa goge. Rabin ƙwarya, a rufe bakinta da fatar guza tana da danshi, a bar ta ta bushe ta ɗaure kanta. A soka sanda, a ɗaura izga, a kafa ɗan jaki a kan fatar ya ɗaga tsirkiyar, a goga ƙaro a jikin bakan. Garaya kuma a sassaƙe kwarinta daga icce, a rufe da fatar gada ko ta akuya, tsirkiya biyu, kowace a ɗaure ta a wuya da zoben fata wanda ake turawa sama ko ƙasa har murya ta daidaita. Babu ƙusa ɗaya da ta yanke hukuncin dindindin a cikin wannan aiki. Jaki yana matsawa, ɗauri yana matsawa. Idan damina ta sa fata ta saki, makaɗi ya kanga ta a rana ko a bakin wuta kafin ya fara. Mafi muhimmanci, wuyan a sumul yake, babu wata alama da ta tilasta wa yatsa wurin sauka. Idan mai haɗawa ya yi kuskuren kaurin yatsa guda, makaɗi zai gyara da nasa yatsan, ba tare da ya ma san ya gyara ba. Sau da yawa kuwa mai haɗawar shi ne makaɗin. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya, kuma babu wanda ya taɓa tambayar milimita nawa ne tsawon kuntiginsa.

Jitar lantarki mai gangar jiki a toshe an haife ta a wani gida dabam. Leo Fender, wanda ya fitar da irinta kasuwa a 1950 daga garin Fullaton na jihar Kalifoniya, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Tunaninsa na mai gyara ne: faffaɗan katako guda, wuya dabam da ake ɗaurewa da sukuru huɗu, kayan waya a jikin faranti, abin da ya lalace a kwance a musanya. Wannan tsarin ne ya sa yaro a Zariya zai iya mafarkin haɗa tasa. Amma shi ne kuma ya sa ba ta yafiya, don kowane rami da aka huda hukunci ne da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Mu fara da ƙarafan da ake dasawa a gicciye a kan wuya, waɗanda masu jita ke kira firet. A irin awon Fender, daga ɗan ƙaramin jakin da ke kan wuya zuwa babban jakin da ke gangar jiki milimita 648 ne. Ana raba wannan tsawo da 17.817, abin da ya fito, wato milimita 36 da 'yan kai, nan ne mazaunin ƙarfe na farko. A cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar, a sami na biyu, wajen milimita 34. Haka ake yi tazarar tana raguwa, har ƙarfe na 12 ya faɗo daidai tsakiya, a milimita 324. Jitar ɗalibin nan da na ambata, da ido aka jera ƙarafanta daga hoto, jakinta kuma an kafa shi inda ya fi kyan gani. Ba shi da laifin kunne, yaron yana jin kuskuren sarai. Abin da ba shi da shi shi ne ikon gyarawa, domin ƙarfen ya riga ya ƙwace aikin yatsa.

Akwai wani ɗan sirri da ko mai awon ma kan manta. Danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, muryarta ta ɗan hau. Saboda haka ba a kafa jaki cif a kan 648, ana ja da shi baya kaɗan, siririyar tsirkiya kamar milimita ɗaya da rabi, mai kaurin ta fi haka. Shi ya sa jakin jitar kanti yake da sukurorin matsawa gaba da baya, kuma shi ya sa idan ka dube shi za ka ga haƙoransa ba a jere suke ba. A nan kaɗai jita ta bar wa kunne ƙofa, kuma a nan ne wanda ya taso yana jin gurmin Haruna Uji zai fi wani saurin gane inda murya ta zauna.

Sai katako da yanayi. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 45, dare da rana, shi ya sa ake binne sandar ƙarfe mai noti a cikin wuyan don ta riƙa ja da baya. Wanda ya tsallake wannan sanda don tsada ko wuyar samu, bayan 'yan watanni zai tarar da wuyan ya zama baka, tsirkiya ta yi nisa da yatsa. Icce kam muna da shi na gani na faɗa. Maɗaci ɗan gida ɗaya ne da katakon da manyan kamfanonin jita ke saya daga Afirka. Kanya tana da tauri da santsin da allon yatsu ke so. Maɗobiya kuwa, tsabar sonta da 'yan kasuwar Sin suka yi ya sa tun 2017 aka saka ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Sai dai katakon da ake saya a 'yan katako galibi ɗanye ne, an yanko shi don rufin ɗaki, inda lanƙwasar rabin inci ba ta dami kowa ba. Zariya kuma gari ne mai fuska biyu: a Agusta iska jiƙe take sharkaf, a Janairu hunturu ya busar da ita har leɓe ya tsage. Katako yana kumbura yana motsewa tare da ita, ƙarfe kuwa ko a jikinsa. Jitar da aka dasa wa ƙarafa da damina, idan hunturu ya kama, allon zai tsuke, bakunan ƙarafan su leƙo gefe kamar haƙoran zarto su riƙa yankar tafin hannu. Maganin magagari ne da haƙuri, amma wanda ya fi shi shi ne a jingine katakon a inuwa ya ga hunturu ɗaya tukuna. Masu sassaƙa turmi da akushi sun san wannan tun kaka da kakanni. Masu sauri ne ba su tambaye su ba.

Yanzu ga inda zuciyar samari take, wato fenti.

Ban ga laifinsu ba sosai, jitar lantarki da fentin mota aka yaye ta. Launukan da Fender ya yi suna da su a shekarun 1950 da 1960 daga jerin fentin motoci na kamfanin DuPont aka ɗebo su, saboda haka yaron da ya kai gangar jitarsa garejin masu fentin mota bai kauce wa sunnar abin ba. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka katako ƙarfe ne. Maɗaci yana da ƙananan ramuka a fuskarsa, idan ba a cike su ba fentin zai nutse ya bar tabo kamar na zanzana. Ana farawa da samfefa mai kaushi, a sauko zuwa lamba 220 ko 320, ana bin tsawon jijiyar iccen, a shafa ruwa kaɗan gashin katakon ya miƙe, a sake gogewa. Sannan abin cike rami, sannan shimfiɗar farko, sannan launi a feshi siriri sau da yawa, sannan farin banish a kai. Daga nan sai abin da ya fi kowanne wuya: a rataye ta a ƙyale ta. Fenti kan bushe a taɓa cikin sa'o'i, amma ƙarfinsa na ciki yana ɗaukar makonni. Wanda ya ɗaura faranti a kwana na uku zai ga sukuru ya murɗe fentin kamar tuwon da bai daskare ba. Lokaci ma yana da nasa sharaɗi. Feshin damina yakan kama danshi ya yi fari-fari kamar hazo, na tsakiyar hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kansa tun bai sha iska ba. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a rufe taga, a kuma rufe hanci, don tinar da ake sirka fenti da ita ba turare ba ce.

Wurare biyu ne fenti bai kamata ya taɓa ba, kuma su ne mai fentin mota ba zai sani ba sai an gaya masa. Na farko kwarin da wuya ke zama a cikinsa: kaurin fenti a nan yana karkatar da wuyan gaba ɗaya, kuma katako da katako ake so su haɗu ƙam. Na biyu bayan wuyan, inda babban yatsa ke zirga-zirga. Sheƙi mai kauri da gumin watan Afrilu idan suka haɗu, hannu kamawa yake yi.

A nan nake ganin mun bar na gida muna neman na waje. Cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, an san wani irin sheƙi da ba a shafa shi. Babbar riga idan ta fito daga hannun maɗinka, mabuga ake kai wa, su yi ta dukanta a kan icce har ta ɗauki ido. Ƙyallin daga jikin yadin yake fitowa. Wuyan tsohuwar garaya ma haka, hannu ne ya goge shi shekara da shekaru. Katako mai kyan jijiya irin maɗobiya, idan aka bi shi da samfefa har mafi laushi, aka shafa masa man katako mai bushewa siriri-siriri, aka rufe da kakin zuma, zai yi kyan da fenti ba zai ba shi ba, ba ya ɓarewa, in ya ƙarje kuma a gida za a gyara. Gargaɗi ɗaya: man gyaɗa da man kaɗe ba sa bushewa, danƙo za su yi su tara ƙura, na gyaɗa har wari yake yi.

Saura abin da ya sa ake kiranta ta lantarki. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da ake kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi, zagaye wajen 8,000 a irin na Fender. Tsirkiyar ƙarfe idan ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, amfilifaya ta kumbura ta. Masu naɗin koyil na fanka da janareta sun san wannan ilimi ciki da bai, abin da ke ba su matsala siririyar wayar ce, don tasu ta yi kauri, ba za ta yi yawan zagayen da ake bukata a ɗan wurin ba, sai sauti ya fito a raunane. Kuma maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji. Wayar birkin keke zai ji ta, amma izga ko zaren kamun kifi da masu gurmi ke ɗaurawa yanzu, ko sun kwana suna kuka bai san suna yi ba. Mai son ya sa wa gurmi ko kukuma wuta sai dai ya liƙa ɗan faifan nan mai jin girgiza a kusa da jaki, ko ya tsaya ga makirufo.

Sai gurnani. Duk wanda ya jona jitar gida ya san wannan ƙugi da ke cika ɗaki tun ba a taɓa tsirkiya ba. Naɗin waya eriya ce, tana kwasar kaɗawar wutar gida, wadda a Nijeriya sau 50 take yi a daƙiƙa, ta ƙara da hayaniyar janareta da caja da fitila. Tun 1957 kamfanin Gibson ya fara saka fikof mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙirar Seth Lover, don su kashe wannan ƙugi. Mai haɗin gida yana da nasa dabarun masu araha: ya shimfiɗa takardar alminiyom a cikin ramukan waya, ya taƙaita wayoyin, ya tabbatar dalmarsa ta narke ta kama da kyau, sannan ya ja waya ɗaya daga ƙarƙashin jaki zuwa bayan maɓallin ƙara. Wannan 'yar waya da ba mai ganinta ta fi fentin duka amfani. Amma tana da haƙƙi a kanka, domin ta haɗa jikinka da amfilifaya, gidajenmu da yawa kuma soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Suwansi ta Birtaniya, wuta ta ja shi ta makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Kafin a jona sabuwar jita, mai gyaran rediyo ya duba amfilifayar da mitarsa.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne, ƙazantar sautin da littattafan jita ke yaƙa, mu a wurinmu gishiri ce. Masu garaya da molo da gangan suke soka ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan wuya don ya riƙa caccaka. Ba mu kaɗai ba: ƙungiyar Konono ta Kinshasa ta yi suna a duniya da kayan kiɗan gargajiyar da Mingiedi Mawangu ya sa wa wuta da maganaɗisun tsofaffin motoci, kuma kaushin sautin ne ya saye mutane. Bambancin dai a bayyane yake. Caccakar da makaɗi ya zaɓa, yana iya cire ta. Wadda ƙarfen da ya fi 'yan'uwansa tsawo ya jawo, ko dalmar da ba ta kama ba, ita ke mulkinsa.

Gaskiya ne jita ba ta yi saiwa a cikin birnin Zariya ba. Garin malamai ne, inda tun tuni ake yi wa goge kirari da kan bidi'a, balle ƙanwarsa ta Turawa. Inda ake jin ta shi ne majami'un Wusasa da Sabon Gari, da ɗakunan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da 'yan badujala. Bala Miller ya gwada aura wa waƙar Hausa irin waɗannan kaya a Kaduna, amma da finafinan Hausa suka tashi a shekarun 1990, sai samarinmu suka tsallaka daga kalangu zuwa fiyanon Yamaha kai tsaye. Maƙwabtanmu Buzaye ne suka rungume ta. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara. Mdou Moctar na Nijar shi ma da wayar keke ya haɗa tasa ta farko, a gidan da ba a son kiɗa, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Sai dai masu ba da waɗannan labarai sukan manta ƙarshensu: dukansu biyu da suka sami jitar da aka auna da kyau, ita suka riƙe. Ta gwangwanin ta koya musu hannu, ba ta kai su dandamali ba.

Wanda jitarsa ta gida ta kai shi, ta kuma zauna da shi, shi ne Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila. Shi da mahaifinsa suka fara ta a 1963, da katakon tsohon murhun ɗaki da sifirin ɗin babur, suka shafe kusan shekara biyu, kuma har yau ita yake kaɗawa. Ko shi ɗin, fikof ɗin da ya naɗa da hannunsa bai gamsar da shi ba, cire su ya yi ya sayi na kanti. Darasin da na ɗauka shi ne mai haɗin gida ya san abin da zai ƙera da abin da zai saya. Gangar jiki, wuya, faranti, ƙaramin jaki na ƙashin saniya, duk Zariya za ta iya. Maɓallan ɗaure tsirkiya da wayar firet da fikof, a ciro su daga matacciyar jita ko a yi oda, ba abin kunya ba ne.

Kai kuma da katakonka ke jingine a soro kana tara kuɗin fenti, ka fara sayen rular ƙarfe mai milimita. Ka ɗaura wuya, ka ja zare biyu daga ƙaramin jaki zuwa babba ka ga sun bi gefen allon daidai kafin ka huda rami ko ɗaya. Ka haɗa ta tsirara, ka kaɗa ta mako biyu, ka kai wa mai gurmi ya saurara ya gaya maka inda take ƙarya. In ta wuce wannan, sai ka kwance ta ka kai wa mai fenti.